Matasanmu za su tafi bishara Sokode: yaya za su yi abota da mutanen gari ba su bar baya da ƙura ba?

Iliya, Asawase:
Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Matasan ikilisiyarmu ta nan Kumasi su goma sha biyu za su tafi Sokode ta ƙasar Togo a hutun Agusta, mako biyu, bisa gayyatar wata ikilisiya ta can. Maganar mota da takardu mun kusa gamawa. Inda kwamiti ya rabu biyu shi ne mu'amala da mutanen gari. Wasu sun ce a hana yaran ba da lambar waya kwata-kwata, wasu sun ce to me aka je yi ke nan. Waɗanda suka san aikin nan su taimaka mana dalla-dalla, mu rubuta a takarda mu raba musu.

Fasto Dauda:
Ɗana Iliya, kun fara daga ƙarshe. Lambar waya maganar ranar dawowa ce. A kwana biyun farko ake kafa abota ko a rushe ta, kuma da gaisuwa ake farawa. Ranar da suka sauka kada a yi wa'azi, kada a kunna lasifika, kada a raba takarda ko ɗaya. Washegari da hantsi mai masauki ya ɗauki mutum uku kawai, shugaban tafiya da babban namiji ɗaya da babbar mace ɗaya, ya kai su wurin mai unguwa, daga nan wurin liman, sannan gidajen da ke maƙwabtaka da masauki. Kada a kwashi mutum goma sha biyu a cika wa dattijo zaure. Ba shi da tabarmar da za ta ɗauke su, an ba shi kunya tun ba a fara ba. A tuɓe takalmi a ƙofa, a zauna ƙasa da inda yake zaune, a bar mai masauki ya fara magana.

Kuma a faɗi gaskiya: mu Kirista ne daga Kumasi, ikilisiyar wane ce ta kira mu, kwana kaza za mu yi, ga abin da ya kawo mu. Sokode garin Kotokoli ne, galibin mutanensa Musulmi ne, kafin a gama sauke kaya labarinku ya zaga unguwa. Wanda ya ce yawon buɗe ido ya zo, ranar da aka gan shi yana wa'azi ba mai sake amsa gaisuwarsa da zuciya ɗaya.

Ku tafi da goro. Daga Kumasi kuke, zuwa hannu rabbana abin kunya ne. Hanyar fataken Gwanja ta bi ta yankin nan, daga Salaga zuwa Jugu har ƙasar Hausa, unguwar Didawure ta Sokode ma fatake ne suka kafa ta, don haka tsofaffinsu sun san darajar goron Asante. Ƙwarya biyu, wato goro ɗari biyu, ta isa. A naɗe shi da ganye, a riƙa yayyafa ruwa kaɗan, kada a ƙulle shi cikin leda ya yi gumi ya ruɓe, kada kuma ya kwana kusa da injin mota. A ware manya masu kyau na mai unguwa da liman.

Mama Rahila, Aboabo:
Baba Fasto ya gama maganar waje, bari in shiga cikin gida. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kama wa baƙi masauki guda su kaɗai, su dafa nasu, su ci nasu, su yi hirarsu da Turanci da Tuwi. Haka za su yi mako biyu ba wanda ya san sunan kowa. A raba su bibbiyu a gidajen 'yan ikilisiya, maza da maza, mata da mata, kowane yaro a haɗa shi da wanda ya girme shi. Kuma gidan da aka sauke mutum nan zai zauna har ranar tafiya. Luka sura 10 ma haka ta ce, a tsaya a gida ɗaya a ci abin da aka samu. In yaro ya ga gidan da ke da fanka ya kwashe jakarsa ya koma can, uwar gidan farko ba za ta ce komai ba, amma shekara goma ba za ta manta ba.

Kuɗin abinci kada baƙo ya miƙa wa matar gida hannu da hannu, ya mai da ita mai sayar da abinci. Matar faston can ta ƙiyasta cefanen mutum biyu na kwana guda bisa farashin kasuwarsu, ku ɗora kashi ɗaya cikin uku a kai saboda itace da ruwa da sabulu, ku ba ikilisiya tun kafin a sauka, ita ta raba. Kowane gida daidai da daidai. Tsarabar gida ma iri ɗaya: turmin atamfa ɗaya, sabulu, sukari, ganyen shayi. In gida ɗaya ya sami atamfa ɗaya ya sami sabulu kawai, kun tafi kun bar wa fasto rigimar da zai yi wata uku yana kashewa.

'Yan matanmu su ɗaura ɗankwali, zane ko doguwar riga, su tashi da asuba su ɗauki tsintsiya, su bi matar gida rijiya ko famfo. A bakin murhu mata ke sabawa, ba a cikin majami'a ba. Samari kuma kada su kutsa cikin gidan maƙwabta. A yi sallama a ƙofa, a jira.

Hannatu, ma'aikaciyar jinya:
Ƙari a kan na Mama. Ƙin cin abincin mai gida yana kashe zumunci, amma gudawa ma tana kashe tafiya. Abin da aka sauke daga wuta da zafinsa a ci ba fargaba. Abin lura shi ne ruwa, ƙanƙara, ɗanyen ganye da abincin da ya kwana. In an kawo ruwan maraba a karɓa da hannu biyu a kai baki, a yi godiya, sannan a sha na leda ko tafasasshe. Kowa da gidan sauronsa, Agusta tsakiyar damina ce. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, sai an yi allurar da kwana goma kafin ya fara aiki, kada a bari sai jajibiri.

Abu ɗaya da nake roƙo: kada yara su zama likitoci. Aboki zai ce ɗansa na zazzaɓi, sai a zazzage masa ragowar ƙwayoyi daga jaka. Wannan ba taimako ba ne. A raka shi asibiti, a gwada jini, in za a biya a biya a can.

Malam Sani, Sawaba:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni Musulmi ne, maƙwabcinku. Duk abin da aka faɗa ladabi ne mai kyau. Amma tambayata ita ce, abota ce ko dabara? Mutanen zango ba yara ba ne. Mun san baƙon da ke gaishe ka don kai, mun san wanda ke gaishe ka don ya rubuta sunanka a rahoto. Alamar mai sauƙi ce: ranar da ka ce masa ni dai ina nan kan addinina, gobe zai dawo gaisuwa ko ba zai dawo ba? In amsar ita ce ba zai dawo ba, to kada a kira abin abota, a ba shi wani suna.

Saratu:
Allah gafarta Malam, amma ai bishara ce ta kai su. Ba za a ce su je su yi shiru ba.

Malam Sani, Sawaba:
'Yata, ban ce su yi shiru ba. Su faɗi abin da suka gaskata a fili, ni ma zan faɗi nawa, mu sha shayi mu tashi lafiya. Abin da ke ɓata zama shi ne a bi ta bayan gida: a tara yaran mutane da alewa da ƙwallo ba da sanin iyayensu ba, ko a haɗa taimako da sharaɗin zuwa coci. Shehu Usman Nuhu Sharubutu, babban limamin ƙasar Gana, ya shiga cocin Katolika ta Christ the King a Ankara, babban birnin ƙasar, lokacin Ista na 2019, yana cika shekara ɗari, ya fito yana nan a Musulminsa, su ma suna nan a Kiristansu. Ba wanda ya yaudari wani.

Fasto Dauda:
Maganar Malam Sani a rubuta ta a saman takardar. A aikace ga yadda take. Taron yara sai da izinin uba ko wanda ke riƙon yaron, kuma a fili, inda mai wucewa zai gani. Lasifika a kashe ta da an kira salla, ranar Juma'a kuma daga hantsi har a sauko daga masallaci ba wani taron waje. In za ku yi walimar ban kwana ku gayyaci maƙwabta, mahauci Musulmi ya yanka dabbar, a sanar da haka tun wurin gayyata, a dafa a tukwanen da ba su taɓa naman alade ba, giya kuwa ko kusa. In ba a yi haka ba za su zo don kunya, su zauna, ba mai taɓa kwano. Sannan wanda ya ƙi saƙonku, a koma a yi masa sallama ranar tafiya kamar kowa.

Yohanna direba:
Ni maganar hanya da kuɗi zan yi. Hanya biyu ce daga nan. Ko a sauka Ankara a ƙetare ta Aflao zuwa Lome, a hau babbar hanyar arewa ta Atakpame, kusan kilomita 340 zuwa Sokode, ko a bi ta Tamale da Yendi a fita ta Tatale a faɗa Basar. Da damina a tambayi direbobin tasha halin ta biyun kafin a yanke. Kuma kada wani ya ce tunda an zo bari a leƙa Dapaong. An sa yankin arewacin nan ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro a 2022.

Sefa kuma, kuɗin Togo, a koya wa yara lissafinta tun a gida. Da Hausar kasuwa ba a ƙirga ta ɗaya-ɗaya, da dala ake yi, dala ɗaya sefa biyar. Dala ashirin sefa ɗari ke nan, dala ɗari sefa ɗari biyar. Aboki zai ce a taimaka masa da dala ɗari na kuɗin babur, yaron Kumasi ya zaci dalar Amurka ake nufi, ya ɗaure fuska, ya dawo yana cewa mutanen can maroƙa ne. A ce kowa ya rubuta adadin a waya ko a takarda kafin a amsa.

Barnaba, ma'aji:
Yawwa, an zo inda abotar ke mutuwa. Ba a Sokode take mutuwa ba, a WhatsApp take mutuwa, wata biyu bayan an dawo. Yadda abin ke tafiya kusan kullum iri ɗaya ne. Daren ban kwana zuciya ta yi laushi, yaro ya ce "kada ka damu, zan taimake ka da kuɗin makaranta." Shi a ransa fata ya yi. Wanda aka faɗa wa kuwa ya ji alkawari, ya gaya wa uwarsa, uwar ta gaya wa dangi. Satumba ta zo, makarantu suka buɗe, saƙo ya fara shigowa. Yaronmu ɗalibi ne, ba shi da ko sisi, kunya ta hana shi cewa babu, sai ya daina buɗe saƙon, daga baya ya toshe lambar. Can kuma sai a ce Kiristan Gana maƙaryata ne, faston da ya gayyace su shi zai sha tambaya a kasuwa. Alkawari kaya ne, kuma a nan wanda bai ɗauka ba shi ake sauke wa.

Abin da ke hana wannan:

Ba wanda zai ce "zan yi" a kan kuɗi, makaranta, waya, aiki ko aure. Amsa ɗaya ce kowa zai haddace: "Na ji, ba ni da ikon yankewa, zan kai wa shugabanmu da fastonku."

Kowace buƙata a rubuta ta a littafi guda da ke hannun shugaban tafiya: suna, abin da aka nema, ranar da aka nema. Kafin a taso a zauna da dattawan can a bi su ɗaya bayan ɗaya, domin su suka san wanda ke cikin matsi da gaske da wanda ya tambayi mutum biyar abu ɗaya.

A ware kaso daga kuɗin tafiya, ko kashi goma cikin ɗari, don wannan kawai. In ya ƙare ya ƙare. Kuma a ba da amsa cikin wata guda, ko da a'a ce. A'a da wuri ba ta kashe zumunci, shiru ne ke kashe shi.

In kuɗin makaranta ne a biya makarantar, a karɓi rasit. In na asibiti ne a biya asibitin. In za a aika ta waya, a tabbatar sunan da ke kan layin shi ne na katin shaidar mai karɓa, a ɗora kuɗin cirewa a kai, in ba haka ba abin da zai isa hannunsa bai cika ba.

Bashi kuwa babu shi. Abin da ba za ka iya bayarwa kyauta ba kada ka ranta. Wanda ke da bashinka a wuya zai fara gudun kiranka.

Saratu:
Yaya Barnaba, wannan ai ya zama ofis. In abokiyata ce ta gaske, sai na nemi izinin kwamiti kafin in sai mata katin waya?

Barnaba, ma'aji:
Ƙanwata, katin waya da tsarabar Kirsimeti ba ruwan kwamiti. Ma'aunin shi ne: abin da za ki iya yi daga aljihunki yau, ki manta da shi gobe, yi abinki. Abin da zai maimaitu kowane wata ko kowane zangon karatu, ko wanda sai kin roƙi wani kafin ki cika, wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kuma ki lura ko abin yana tafiya ta ɓangare biyu. In ita ma tana aiko miki da gaisuwa ranar da ba ta neman komai, tana tambayar jikin mamanki, ta ba direba ɗan wagashi ko doya ya kawo miki, to abokiya ce. Ki karɓa, kada ki ce "ai da kin bar shi." Wanda kullum shi ake ba, ba a karɓar nasa, ba ya daɗewa yana jin shi aboki ne.

Mama Rahila, Aboabo:
Wannan na ƙarshe gaskiya ne. Ranar tafiya za a kawo musu kaza, gyaɗa, wataƙila zakaran da gidan ke ji da shi. A karɓa da hannu biyu. Mayar da kyauta zagi ne, biyan kuɗinta ya fi zagi.

Sai maganar da kowa ke kauce wa. Samari da 'yan mata ne, mako biyu ne, za a yi soyayya. A gaya musu tun a nan: ba zance, ba keɓewa, ba "zan dawo in aure ki." Yarinyar da aka ga baƙo yana raka ta da dare, shi zai hau mota ya tafi, ita za ta zauna da sunan. In da gaske ne, a dawo gida, a gaya wa iyaye da fasto, manya su aika. Hanyar ba ta rufe ba.

Iliya, Asawase:
Mun gode ƙwarai. To lambar wayar fa, da hotuna? Yaranmu ba sa numfashi sai da Facebook.

Fasto Dauda:
A ba da lamba, amma ba ga duk wanda aka gaisa da shi ba. Kowane yaro ya zaɓi mutum biyu, in ya yi yawa uku, waɗanda zai iya riƙewa shekara da shekaru. Wanda ya raba lamba ga mutum arba'in ba zai amsa wa ko biyar ba. Saƙon murya ya fi rubutu, domin su da Faransanci suka yi makaranta, mu da Turanci, Hausa ce ta haɗa mu, kuma ba kowa ke karanta ta ba. Ba kowane Bakotokoli ne ma ke jin Hausa sosai ba, don haka a koyi gaisuwar safe da godiya da yarensu. Ga Kotokoli nan cike da Aboabo da Asawase, a je a tambaye su, wataƙila ma su ba da saƙo a kai wa danginsu, wannan kuwa ya fi kowace takardar gabatarwa buɗe ƙofa. Agogon Togo ɗaya ne da namu, amma in wata shekara Benin ko Nijar aka je, suna gabanmu da awa ɗaya, a kula da kiran dare.

Hoto sai da izini, kuma izinin ɗauka daban, izinin sakawa a intanet daban. Yaro mara riga, mara lafiya a kan gado, ɗakin da ya rushe, ba a saka su don a tara gudummawa. Mutanen suna da waya, za su gani. Mafi haɗari shi ne hoton wanda ya nuna sha'awar bishara ko sabon tuba. Kada a saka fuskarsa, kada a rubuta sunansa ko unguwarsa, ko a cikin roƙon addu'a. Ɗan'uwansa da ke Kumasi zai iya gani kafin shi ya buɗe baki a gida, daga nan sai kora ko raba aure. Shi ke da ikon faɗa, a lokacin da ya zaɓa. Ku kuna da motar komawa, shi ba shi da ita.

Yohanna direba:
Kuma a daina cewa "sai ka zo Kumasi" in ba a shirya ba. Togo da Gana duk suna cikin ECOWAS, yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan ƙasa damar shiga ba biza har kwana casa'in. Mutum zai sayar da akuyarsa ya hau mota, sai dai a ji waya daga tashar Kejetia da tsakar dare, ga shi ya iso. Yaron da ya gayyace shi a ɗakin haya yake da 'yan'uwa huɗu.

Malam Sani, Sawaba:
In ya iso kuma a sauke shi, ko a wane hali. Shi ya ba ku tabarmarsa.

Barnaba, ma'aji:
Haka ne Malam, shi ya sa gara a tsara zuwan da kanmu. Cikin kasafin baɗi a sa kuɗin motar mutum biyu ko uku daga can, dattawansu su zaɓa, su zo taron shekara su kwana a gidajenmu, mata ɗaya a ciki. Kuma Iliya, in za a sake tafiya a koma Sokode, unguwa ɗaya, gidaje ɗaya, ko da rabin yaran sababbi ne. Kwamitoci na son sabon gari kowace shekara don rahoto ya yi kauri, amma sai a zuwa na biyu mutane ke fara gaya maka abin da ke damunsu da gaske, har da laifin da kuka yi a zuwan farko.

Iliya, Asawase:
Na kwafe duka. Littafin buƙatun, wa zai riƙe shi bayan an dawo? Shugaban tafiyar zai koma makaranta Tamale a Satumba.

Barnaba, ma'aji:
A miƙa wa dattijo ɗaya da ba ya barin gari, tare da lambar faston can. Ya kira shi farkon kowane wata, a karanta abin da ya rage a gaban kwamiti, wanda aka biya a soke shi da kwanan wata da lambar rasit. Kafin yaron ya tafi Tamale su zauna su biyu su bi shafukan, domin rubutun da aka yi a kan gwiwa cikin mota ba kowa ke iya karanta shi ba.